Wai tashi cikin kuɗi yana kashe wa yaro zuciya ne, ko dai hali ne kawai?

Mai Kago, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, kuma don Allah masu manyan 'ya'ya su fi ba ni amsa, duk da dai kowa yana iya tofa albarkacin bakinsa. Shin yaron da ya tashi cikin wadata, bai san kwanan yunwa ba, ba a taɓa koro shi daga makaranta saboda kuɗi ba, zai iya yin zuciyar nema irin ta wanda ya tashi cikin wahala? Ko kuwa dole sai ɗaya, ko ka sha wuya ka yi zuciya ko ka ji daɗi ka zama ɗan hutu?

Ni dai ba attajiri ba ne kar wani ya ɗauka wani abu, rufin asiri ne Alhamdulillah. Da bizar direban gida na shigo ƙasar nan Saudiyya, yau ina harkar kago, wato aika kaya, tsakanin Jidda da Kano, iyalina suna nan tare da ni a kan iƙamata, wato takardar izinin zamana. Babban ɗana namiji shekararsa 17, a nan aka haife shi. Wlh yaro ne mai ladabi, ba ya shaye-shaye, ba ya fashin sallah, bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma fa babu abin da ya dame shi a duniya. Ya dawo daga makaranta ya shige ɗaki ya kunna mukayyif, wato AC, ya kama PlayStation, in ka ce zo mu je sito ka ga yadda ake auna kaya zai bi ka ba musu, amma yana tsaye ne kawai hannu cikin aljihu yana jiran a ce a tashi. Ni a shekarunsa ina tura baro a Kasuwar Singa ina aika wa mahaifiyata cefane.

Uwarsa ta ce na fiye matsa masa, wai ba don su huta muka sha wahalar ba? Abokina kuma ya ce in tattara shi in kai shi Kano wajen ƙanina a Kwari ya yi shekara biyu yana yaron shago, rana ta dake shi, in ya dawo zan ga bambanci. Na rasa wanda zan bi. Shi ya sa na ce bari in ji daga gare ku, kuɗin ne ke kawo wannan ko kuwa ko a gidan talaka aka haife shi haka zai kasance?

Baba Ɗan Hindawiyya, Makka:

Wa alaikumus salam. Alhaji Mai Kago, Allah ya shirya mana zuri'a. Ni a Makka aka haife ni, kakana a ƙafa ya zo ta Sudan ya tsallako teku daga Sawakin, don haka na ga jiya na ga yau, kuma amsata ita ce e, daɗi yana kashe zuciya, kar wani ya ruɗe ka.

Ka dubi manyan gidajen kuɗin ƙasar nan ka tambayi asalinsu. Muhammad bin Ladin daga Hadramaut ya zo, dako ya fara yi a Jidda, ya zo ya zama shi ake ba kwangilar faɗaɗa Harami kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1967. Salim bin Mahfuz shi ma Bahadrame ne, yana yaro ya shigo ba shi da ko sisi, daga canjin kuɗi ya kai ga kafa bankin Ahli a 1953. Sulaiman Rajihi da bakinsa yake ba da labarin yadda ya yi dako a kasuwar Riyad yana ƙaramin yaro, shi da ɗan uwansa Salih suka taso daga canjin kuɗi har aka samu bankin Rajihi da kowa a cikinmu yake tura kuɗi gida ta cikinsa. Duk cikinsu wa aka haifa a kan katifa? Babu. Yunwa ce ta tashe su da asuba. Kuma ka lura, bankin Ahli yau ba ya hannun iyalan wanda ya kafa shi.

Malamai sun daɗe da gano wannan. Ibn Khaldun ya ce ɗaukakar gida a zuriya huɗu take ƙarewa. Na farko shi ya gina, ya san abin da ya sha. Ɗansa ya gani da idonsa ya koya a wajensa, amma bai kai shi ba. Jika labari ya ji, kwaikwayo kawai yake. Na huɗu kuwa gani yake ai haƙƙinsu ne, jininsu ne ya ba su, shi ne mai rusawa. Wlh na ga haka a unguwarmu. Akwai mutanenmu da suka yi kuɗi lokacin da man fetur ya yi tsada bayan 1973, masu hidimar alhazai, masu gidajen haya kusa da Harami, masu motocin jigila. Da aka zo rusau aka biya wasu diyya mai kauri, ina kuɗin yake yau? Jikokin sun sayi motoci, sun yi ta kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, ana yanka raguna duk daren Juma'a, aka yi aure aka saki aka sake yi, yanzu wasunsu haya suke a bayan gari. Ba zan kama suna ba, wanda ya sani ya sani.

Allah da kansa ya faɗa a Suratul Alaƙ cewa mutum yana ƙetare iyaka idan ya ga ya wadata. To ina ga yaron da tun yana zanen goyo bai taɓa neman abu ya rasa ba? Shawarata ka bi maganar abokinka. Uwa tausayi gare ta, ba laifinta ba ne, amma tausayin uwa ba ya ciyar da gida bayan ranka.

Ummu Khalil, Madina:

Baba Allah ya ƙara girma, ba musu nake da ku ba, amma ku yi haƙuri akwai gyara. Kun lissafo mutum uku da suka yi dako suka zama masu banki. To 'yan dakon da suka yi zamani da su fa, dubu nawa ne? Ina suke? Sun yi dako har bayansu ya ranƙwafa suka mutu a 'yan dako, 'ya'yansu suka gaji igiyar. Su ba su da yunwar ne? Sun fi kowa. Matsalar ita ce wanda ya tsira shi ake ba da labarinsa, sauran ba mai tuna su.

Ni na yi shekaru ina aikin gida a nan kafin Allah ya rufa min asiri da ɗinki, na shiga gidajen masu kuɗi na ga cikinsu, ba daga bakin ƙofa ba. Kuma gsky iri biyu na gani. Akwai gidan da yaro ɗan shekara 10 zai sha ruwa ya jefar da kofi a ƙasa ya ƙwala wa shaggala, wato mai aiki, kira, uwar tana zaune tana danna waya ko ɗago kai ba za ta yi ba, uban kuwa sai ya yi sati bai ga fuskar yaron ba, direba ne ubansa mai aiki ce uwarsa. Wannan yaron in ya lalace ba riyal ne ya lalata shi ba, maraya ne da iyayensa a raye. Akwai kuma gidan da suka fi waɗancan kuɗi nesa ba kusa ba, amma tsohon gidan bayan sallar asuba yake tasa jikokinsa gaba zuwa gonar dabino, lokacin hutu kowane yaro yana da shagon da zai zauna, yaro ya yi wa mai aiki tsawa a gabansa sai ya tashi ya sumbaci kanta ya ba ta haƙuri. Duk masu kuɗi ne, gari ɗaya, yara daban.

Kuma mu daina yi wa talauci kwalliya don Allah. Talauci ma yana kashe zuciya, ya ma fi saurin kashewa. Yaran da ke yawo a unguwanninmu ba takarda ba makaranta, suna gudun tarhil, wato a kama su a fitar da su daga ƙasar, tun suna ƙanana, nawa ne a cikinsu wahalar ta mayar jarumai? Da yawa sai dai ta koya musu ƙarya da fizge da shan abin da bai kamata ba, saboda sun duba gaba ba su ga komai ba. Mu da muka sha wahala muka tsallake muna son mu ce wahalar ce ta yi mu, don in ba haka ba sai mu ji kamar a banza muka sha ta.

In kuma maganar hali ake, ai nan garin ga Uhudu can muna kallon dutsen kullum. Mus'ab bn Umair babu saurayin da ya kai shi gata a Makka, tufafi da turare, uwarsa mai dukiya ce. Shi Manzon Allah (SAW) ya fara aikowa Madina ya koyar da mutane, shi ya riƙe tuta ranar Uhudu, da ya yi shahada mayafin da za a rufe shi bai isa ba, in an rufe kai ƙafa ta fito, sai da ciyawar izkhir aka rufe ƙafafun. Ɗan gata ne fa na ƙarshe. Umar bn Abdul'aziz ma a daular Banu Umayya ya tashi.

Alhaji ni tambayata gare ka, ka ce in ka kai shi sito yana tsaye hannu a aljihu. To me ka ba shi ya yi? Ko kallo ka kai shi?

Ɗalibi a Zahran:

Slm iyayena. Ni ƙarami ne a nan, karatu ya kawo ni, digiri na biyu nake yi, amma wannan maganar an yi bincike a kanta sosai don haka bari in kawo abin da na sani, in na yi tsawo a gafarce ni.

Da farko akwai abin da ya goyi bayan Baba. A Amurka wasu masana tattalin arziki sun bi bayanan haraji na mutanen da suka ci gado, sakamakon ya fito a 1993, suka ga wanda ya gaji wajen dala 150,000 ya fi wanda ya gaji ƙasa da dala 25,000 yiwuwar ajiye aiki har kusan ninki huɗu. Wato kuɗin da ya faɗo wa mutum bai yi guminsa ba yana rage masa ƙwazo, wannan gaskiya ne. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam kuma, Suniya Luthar, ta yi shekaru tana nazarin matasan unguwannin masu kuɗi a can, ta tarar da shaye-shaye da damuwa sun yi yawa a cikinsu fiye da yadda ake zato, kuma dalilan da ta fi kamawa biyu ne, matsin lambar dole sai ka yi fice, da kuma nisa tsakaninsu da iyayensu. Kun ga wannan na biyun shi ne ainihin abin da Anti Ummu Khalil ta gani da idonta.

Amma in aka zo maganar wa ke cin nasara, to lissafin ya juya gaba ɗaya. Raj Chetty da abokan aikinsa sun duba waɗanda suka yi rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Amurka, suka ga yaron da iyayensa ke cikin kashi 1 cikin 100 mafi samu ya fi yaron da iyayensa ke rabin ƙasa yiwuwar zama mai ƙirƙira har ninki goma. Abin da ya fi ciwo, ko a cikin yaran da suka yi zarra a lissafi tun firamare, na gidan masu hali su ne suka fi kaiwa can. Ba ƙwaƙwalwa aka fi ɗan talaka ba.

Akwai kuma gwajin nan na alewa da Walter Mischel ya yi a jami'ar Stanford, a ajiye wa yaro alewa ɗaya a ce in ya yi haƙuri bai ci ba za a ƙara masa ta biyu. An daɗe ana cewa masu haƙurin su ne ke yin nasara in sun girma. A 2018 aka sake gwadawa da bayanan yara masu yawa daga gidaje iri-iri, sai aka ga in ka yi la'akari da halin gidan da yaron ya fito, yawancin bambancin ya zube. Kuma in ka yi tunani ai da hankali a ciki, yaron da ya saba in an ce gobe to goben tana zuwa, shi zai iya jira. Wanda ya saba in bai ci yanzu ba wani zai cinye, wauta ce ma ya jira.

Baba kun kawo maganar zuriya huɗu, to ga ta gida. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, shi ne na farko. Ɗansa Sanusi na biyu. Hajiya Mariya 'yar Sanusi ta uku. Na huɗu wa ke nan? Aliko Ɗangote. Wanda a lissafin ya kamata ya rusa, shi ne ya gina matatar mai ta ganga 650,000 a rana a Legas. Ya yi karatu a Azhar, ya dawo kawunsa ya ba shi rancen jari a 1977. Amma shi da kansa yana faɗa cewa tun yana firamare yake sayen alewa yana sayarwa, a gidan da ba a buƙatar ribar alewar tasa. Alhaji Aminu Ɗantata da aka kawo aka binne a Baƙi'a a 2025 shi ma tun yana matashi aka sa shi cikin harkar gidan. Abdussamad na BUA ɗan Khalifa Isyaka Rabi'u ne, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai nauyin kasuwancin mahaifinsa ya hau kansa. A Jidda ma ga gidan Abdul Latif Jameel, tun 1955 suke da wakilcin Toyota, har yau yana hannun zuri'ar. Turawan ma da ake cewa wai daga gareji suka fara, Jeff Bezos iyayensa sun zuba masa kusan dala 250,000 a Amazon a 1995, Bill Gates kuwa ɗan babban lauya ne, makarantar kuɗin da ya yi tana da hanyar amfani da kwamfuta tun 1968 lokacin da jami'o'i da yawa ma ba su samu ba.

Ni abin da na fahimta, babban abin da kuɗin uba yake saya wa yaro shi ne damar faɗuwa. Ɗan mai kuɗi ya gwada sana'a ta karye, a biya bashin, ya gwada ta biyu ta karye, a ta uku ya dace sai a ce kai wane akwai zuciya. Ɗan talaka sau ɗaya zai karye, shi ke nan ya koma yaron wani har tsufa, sai a ce ba shi da dabara. Amma damar faɗuwar ba ta da amfani ga wanda ba a taɓa bari ya hau ko'ina ba, kuma inaga nan ne gidaje da yawa suke kuskure.

Tsohon ɗan Karantina:

Hhhh wlh ku masu kuɗi kuna da matsala mai daɗi. Yaro yana sallah ba ya shaye-shaye ba ya zagin uba, an zo ana taro a kansa. Alhaji in ka gaji da shi mu yi musaya, ka karɓi nawa guda uku, tun da aka rushe mana unguwarmu ta Karantina a nan Jidda a 2022 haya ta ninka suke da zuciyar nema, har ta yi yawa, nema suke ko a aljihuna. Ni ban ga laifin yaron nan ba, ɗan shekara 17 da ya samu sanyi da abinci me zai fita yi a ranar Jidda? Kai ma da ka samu a lokacinka baron nan ba za ka tura shi ba, kar mu yaudari juna. Ɗalibi ka yi bayani amma ka cika mu da dala, mu riyal ɗin ma sai ƙarshen wata muke gaisawa da shi.

Mai Kago, Jidda:

Na gode ƙwarai jama'a, ina karantawa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Karantina Allah ya shirye ka, ka sa ni dariya ni kaɗai a ofis, Allah ya buɗa mana gaba ɗaya.

Hajiya Ummu Khalil amsar tambayarki, ba na ba shi komai ya riƙe saboda kayan mutane ne, amana ce, kwali ɗaya ya ɓace ko a rubuta lambar wani a kan na wani sai an yi wata ana rigima da Kano a waya. Shi ya sa nake cewa ya tsaya ya kalla tukuna. Baba kuma maganarku ta shige ni, don abin da nake tsoro ke nan, ranar da ba ni. Abin da har yanzu ban samu amsarsa ba shi ne maganar Kano ɗin, in kai shi ko in bar shi.

Hajiya 'Yar Kano-Jidda:

Alhaji barka da aiki. Ni kusan sa'arka ce kuma na riga ka shiga wannan ramin, nawa biyu maza a nan aka haife su, don haka bari in yi maka maganar da ba wanda ya taɓo.

Duk misalan da aka kawo, Rajihi ne, Jameel ne, Ɗangote ne, kowannensu a ƙasarsa yake ko ya zama ɗan ƙasa. Abin da ya tara nasa ne, ɗansa zai gada ya ɗora. Ɗanka fa? Haihuwar Jidda ba ta ba shi jinsiyya, wato zama ɗan ƙasa, ajnabi ne, baƙo kamar ni da kai, yana zaune ne a kan iƙamarka kana biya masa riyal 400 duk wata tun da kuɗin murafiƙin, wato harajin da baƙo ke biya kan iyalinsa, ya kai haka a 2020, kuma in ya girma ba zai dawwama a kanta ba, dole ya nemi nasa kafilin, wato wanda zai tsaya masa a takardar zama, ko ya fita. Shagon waya tun 2016 aka ce sai ɗan ƙasa, shagon gwal haka, sana'o'i da yawa an bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe abu da sunan wani kuma tasattur ne, wato laifin fakewa da ɗan ƙasa a yi kasuwanci, dokar yanzu ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ne da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5. Jami'ar gwamnati kujerar ajnabi ba ta samuwa da sauƙi. Yaran nan ba wawaye ba ne, sun san duk wannan, a makaranta suke hirarsa. Abokinsa da suke benci ɗaya ya san in ya gama ga jami'a ga aiki ga tallafi, shi kuwa ya san ko ya zo na ɗaya a ajin hanyarsa daban. To wani lokacin abin da kake gani kamar mutuwar zuciya ba hutu ne ya kawo shi ba, yaro ne bai ga inda zai sa ƙafa ba, nan ba tasa ba, can kuma bai san ta ba. Ka taɓa zaunar da shi ka tambaye shi a ina yake ganin kansa nan da shekara biyar? Ka tambaya ka ji, ni da na tambayi nawa cewa ya yi Umma ni ban ma san ƙasar da zan zauna ba.

Maganar Kano kuma, kai shi, amma ba a matsayin horo ba. In ka tura shi don rana ta dake shi to zai ɗauka kora ce, kuma Kwari ba ta da tausayi, yaro ya zo Hausarsa duk Larabci, sunansa ya zama ɗan Saudiyya, kowa ya ɗauka buhun riyal ne ya sauka, abokan banza su ne za su fara yi masa maraba. Ƙaninka kuma kunyarka zai ji, ba zai iya yi masa faɗa ba, ƙarshe a bar shi a gida yana kallon silin ana jiran wuta. Na ga yaran da aka yi wa haka, sun dawo sun tsani Najeriya sun tsani iyayen.

Abin da ya yi min aiki shi ne na ba wa babban nawa abu nasa na kansa. Jari kaɗan, wanda in ya narke ba zai hana ni barci ba, na ce ga shi, bashi ne ba kyauta ba, na rubuta a littafi a gabansa. Shi ya shiga Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, da ƙafarsa ya zaɓi abayoyi da turare, shi ya yi ciniki, shi ya biya kuɗin kago kamar kowa ban ce a rage masa ko halala ɗaya, wato kwabon riyal, ba, shi ya nemi mai karɓa a Kano. Zagayen farko ya yi asara, ya sayo kalar da matan Kano suka daina yayi, kuma bai lissafa faɗuwar naira ba tsakanin ranar da ya saya da ranar da aka biya shi. Na ga idonsa ya yi ja, ban ce komai ba kuma ban yafe bashin ba. Tun daga ranar yaron da sai an tashe shi sallar azahar ya koma shi ke tambayata nawa canji ya kwana. Wannan ai ko a Alƙur'ani haka tsarin yake a Suratun Nisa'i game da dukiyar marayu, a jarraba yaro tukuna, in an ga hankalin riƙon dukiya sannan a miƙa masa.

Kai da kake da kago a hannu ma ka fi ni sauƙi. Kar ka ba shi kayan mutane tunda amana ce, ka yi gaskiya a nan. Ka ba shi kwali biyu nasa, da sunansa a jiki, ribarsa tasa asararsa tasa, kuma ka ja bakinka ka yi shiru ko ka ga zai yi kuskure, wannan shirun shi ne mai wuyar, ni sai da na riƙa fita daga ɗakin. In hutun makaranta ya zo ya bi kayan nasa zuwa Kano ya karɓi kuɗinsa da hannunsa, ya ga masu saye, ya ji yadda ake cewa a dawo gobe. Ka ga ya je da dalili ke nan, ba a matsayin wanda aka yasar ba.

Sannan tun yanzu ka gyara masa takardun gida, fasfo da NIN, kuma ka bincika yadda za a daidaita takardar shaidarsa ta gama sakandare in BUK ko wata jami'ar can kake so ya shiga, don Turancinsa sai an yi masa aiki kafin ya tunkari JAMB, nawa sai da ya yi kusan shekara yana lesin. In kana so in turo maka lambar malamin da ya yi masa, ka yi min magana ta akwatin sirri.